Daga Tagulla zuwa Lejan: yadda ake hawa tsanin Hearthstone da wayar hannu a Katsina

Duk farkon wata, Hearthstone, wasan katuna da mutum biyu ke karawa ta intanet, yakan kwaso kowa ya mayar da shi gindin tsani, wato jerin matakan da ake hawa da nasara. Wanda ya kai ƙololuwa a watan jiya da wanda bai taɓa wuce matakin farko ba, dukansu a Tagulla 10 za su wayi gari. Daga nan sai hawa, kuma yawancin samarin da nake gani suna buga wasan a garin nan wuri guda suke maƙalewa, ko dai tsakiyar Filatinam ko Daimon 5. Idan ka tambaye su sai su ce rashin katuna masu tsada ne. Ni ban yarda ba. Abin da ke riƙe mutum a tsani shi ne taurarin, wato makin hawa, da yake zubarwa a banza, kuma a nan Katsina hanyoyin zubar da su sun fi na wanda ke zaune a Jamus yawa.

Na zaɓi Hearthstone, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2014, saboda tsaninsa a bayyane yake, ana iya lissafa shi da biro da takarda. Mai buga Magic: The Gathering Arena ko Yu-Gi-Oh! Master Duel zai tarar da mafi yawan abin da ke nan ya shafe shi, sunayen matakai da yawan katuna ne suka bambanta.

Mataki na 1: San tsanin kafin ka taka shi

Tun gyaran da aka yi a 2020, rukuni biyar ne: Tagulla, Azurfa, Zinariya, Filatinam da Daimon. Kowane rukuni yana da mataki 10, ana farawa daga 10 a gangaro zuwa 1, kuma kowane mataki taurari 3 ne. Taurari 150 ke nan gaba ɗaya, sannan Lejan a samansu. Ka ci wasa ka sami tauraro, a cinye ka ka rasa ɗaya.

Abu uku ne ke sauƙaƙa tafiyar. Na farko zango: mataki na 10 da na 5 a kowane rukuni, da zarar ka taka su ba za ka sake faɗowa ƙasa da su ba a wannan watan ko da an cinye ka sau ashirin a jere. Na biyu cin jere: daga nasara ta uku a jere ana ninka maka taurari, amma wannan garaɓasa tana ƙarewa a Daimon 5. Na uku ninkin farkon wata, wanda ya dogara da inda ka kai a watan da ya wuce. Wanda ya shiga Lejan yakan fara sabon wata da ninki 10 aƙalla, wato nasara guda taurari 10, faɗuwa kuwa tauraro ɗaya tak. Duk zangon da ya taka sai ninkin ya ragu da ɗaya, har ya ƙare a Daimon 5.

Wannan na nufin watanka na farko shi ne mafi wuya. Kada ka ɗora wa kanka Lejan a cikinsa. Ka kai Zinariya wannan watan, wata mai zuwa ninkin da ka samu zai dawo da kai can cikin 'yan kwanaki, sai ka ɗora daga nan. Ladan ƙarshen wata ma a kan mafi girman matakin da ka taka ake ba da shi, ba a kan inda wata ya ƙare maka ba.

Mataki na 2: Yi lissafin Daimon 5 tun yanzu

Daga Daimon 5 zuwa Lejan babu zango, babu cin jere, kuma ga yawancin mutane babu ninki. Taurari 15 ne, sai nasara ɗaya a kansu. Wato sai nasarorinka sun fi faɗuwarka da 16.

To zauna ka lissafa. Idan kana cin wasa 55 cikin 100, ana cinye ka 45, ribarka taurari 10 ce a kowane wasa 100. Kana bukatar kimanin wasa 160. Idan kana cin 60, ribar ta zama 20, wasa 80 sun isa. Idan kuwa 52 kake ci, ribar 4 ce kacal, sai ka buga wajen wasa 400. Dubi tazarar da ke tsakanin 55 da 52: wasa uku ne kawai cikin ɗari, amma sun mayar da 160 ya koma 400. Wasa uku! Ɗaya netwok ya yanke ana tsakiyar faɗa, ɗaya caji ya ƙare, ɗaya ka buga shi cikin fushi. Duk sauran abin da zan faɗa a kan ceto waɗannan ukun ne.

Akwai kuma lokaci. A ce dek ɗinka, wato ƙunshin katuna 30 da kake shiga fili da su, yana gama wasa cikin minti 7 kuma yana cin 55: wasa 160 kusan awa 19 ke nan. Wani dek mai jan lokaci yana cin 58 amma kowane wasa minti 14: wasa 100 yake bukata, sama da awa 23. Mai saurin ya riga shi isa duk da bai kai shi yawan nasara ba. Ga ɗalibi ko mai jiran shago, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Mataki na 3: Gyara waya da netwok

Wannan ne ɓangaren da jagororin Turawa ba sa ko ambata, alhali mu nan shi ne rabin aikin.

Wajen buɗe asusu zaɓi yankin Turai, shi ya fi kusa da mu. Ka yi tunani kafin ka zaɓa, don katunan da ka tara a yanki ɗaya ba sa bin ka zuwa wani. Ka kuma haɗa wasan da asusun Battle.net na kamfanin Blizzard tun ranar farko, ko da waya ta faɗa ruwa ko an sace ta, katunanka suna nan.

Wasan kansa ba ya cin data sosai, sabuntawa ce ke ci, musamman idan an fitar da sabon jerin katuna, wanda ake yi sau uku a shekara. Bar wannan sai dare ka sauke da datar dare. Abin da wasa ke so shi ne netwok mai tsayawa wuri guda, ba mai gudu ba. Kowane gida akwai kusurwar da sabis ya fi zama, wani a zaure, wani a bakin taga, wani sai an hau kan dakali. Nemo taka ka riƙe ta. Kada ka buga wasan tsani a cikin Keke ko a motar Daura, waya tana tsalle daga wannan turke zuwa wancan. Idan hannu na ƙaiƙayi a hanya, akwai wasan da ba na tsani ba, buga shi.

Kowane zagaye daƙiƙa 75 ne. Idan lokaci ya kusa cika wata igiya takan bayyana a tsakiyar fili tana cin wuta, ta ƙone zagayenka ya wuce ko ka yi wani abu ko ba ka yi ba. Idan ka ga abokin karawa ya daɗe bai motsa ba kuma igiya ba ta fito ba, yawanci ba tunani yake ba, kai ne ka yanke. Kada ka zauna kallo. Rufe wasan gaba ɗaya ka sake buɗewa, zai mayar da kai cikin karawar, kuma sau da yawa za ka tarar da sauran lokaci.

Caji kuma, kada ka nemi abokin karawa idan batir ya yi ƙasa da kashi 30, sai dai in kana jone. A watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke kai wa maƙura, waya takan ɗauki zafi ta riƙa sanɗa, ka ja kati ya ƙi tafiya. Cire mata riga, rage hasken fuska, kada ka haɗa mata caji da wasa da rana tsaka. Ka sa ta a yanayin hana damuwa, don kira guda yana iya katse maka data. Kuma ka duba agogo: idan saura minti goma a kira salla, kada ka fara. Wasan da aka fara a irin wannan lokaci ko dai a yi shi a gurguje ko a bar shi a tsakiya, duka biyun tauraro ne ya tafi.

Mataki na 4: Dek ɗaya, mai araha, mai sauri

Tsani biyu ne, na Standard mai amfani da katunan shekarun baya-bayan nan, da na Wild da ke karɓar kusan komai tun farkon wasan. Sabon shiga ya tsaya a Standard. Tun 2021 akwai jerin katunan tushe da ake ba kowa kyauta, kuma da su ake gina rabin dek mai araha.

Sauran sai ka ƙera da ƙura, wato abin da ake biya a cikin wasan don ƙera kati. Ƙera kati na gama-gari ƙura 40 ne, mai bi masa 100, sai 400, sai mafi daraja 1,600. Idan kuwa ka niƙe kati don samun ƙura, abin da za a ba ka 5 ne, 20, 100 da 400. Ka ga ashe duk wanda ya niƙe babban kati don ya ƙera wani ya yi asarar kashi uku cikin huɗu. Saboda haka kada ka riƙa rusa wannan dek kana gina wancan duk mako. Lokaci guda da niƙa ke da riba shi ne idan kamfanin ya rage wa kati ƙarfi, don a ɗan wannan lokacin yakan mayar da cikakkiyar ƙurarsa. Sannan kada ka zuba 1,600 a kan katin da zai fita daga Standard a juyin shekara, wanda ake yi wajen Maris ko Afrilu.

Fakiti ɗaya katuna 5 ne, ana saye da gwal 100 na cikin wasa, wanda ake tarawa ta ayyukan kullum da na mako. A fakiti 10 na farko na kowane sabon jeri akwai tabbacin babban kati guda, don haka ya fi kyau ka buɗe goma a kowane jeri kafin ka tara a wuri ɗaya. Sa kuɗin gaske kuwa, ra'ayina shi ne ka bari. Da dala ake lissafi, kuma ba ka san abin da ke cikin fakiti ba sai ka buɗe. Gwal ɗin cikin wasa ya isa ya gina dek guda mai kyau a kowane jeri.

Wane iri? Akwai mai farmaki, wanda ke cika fili da ƙananan mayaƙa ya gama da kai da wuri. Akwai mai tsaro, wanda ke share fili yana jira numfashinka ya ƙare. Akwai matsakaici, akwai kuma mai haɗi, wanda ke tara wasu katuna ya kashe ka a zagaye guda. Kusan kamar zagaye suke: mai farmaki yakan riga mai haɗi, mai haɗi yakan cinye mai tsaro tunda ya ba shi lokaci, mai tsaro kuma yakan gajiyar da mai farmaki. Ga mai waya da netwok irin namu, mai farmaki ko matsakaici mai sauri ya fi. Ya fi araha, wasansa gajere ne, kuma gajeren wasa bai cika ba netwok damar cin amanarka ba. Dek mai haɗi da ke bukatar jefa kati goma cikin zagaye guda, bar wa masu kwamfuta.

Ba sai ka ƙirƙiro naka ba. Shafukan intanet na HSReplay da Vicious Syndicate suna tattara sakamakon wasanni suna nuna abin da ake yayi. Kwafo lambar dek, buɗe wurin haɗa dek, wasan zai gane ta da kansa. Sai ka zauna a kansa aƙalla wasa 50 kafin ka yanke masa hukunci. Wasa biyar ba sa nuna komai, ko dek mafi ƙarfi yana iya faɗuwa biyar a jere.

Mataki na 5: Hannun farko

Mai farawa yana ganin kati 3, na biyu yana ganin 4 kuma a ba shi Kwabo, katin da ke ƙara masa dutse ɗaya na zagaye guda. Duwatsun nan shuɗaye su ne kuɗin jefa kati, suna ƙaruwa ɗaya-ɗaya kowane zagaye har 10. Kafin a fara kana da damar mayar da duk katin da ba ka so a canza maka.

A nan sababbi suke zubar da wasa tun ba a fara ba. Mutum ya ga babban katinsa mai dutse 7 yana walƙiya sai ya kasa rabuwa da shi, ya zauna zagaye shida da mataccen kati a hannu. Idan dek ɗinka mai farmaki ne, abin da kake nema shi ne abin jefawa a zagaye na 1, na 2 da na 3. Duk abin da ya wuce haka mayar da shi, sai in ka san takamaiman dalilin riƙe shi a gaban wannan jarumin, wato gwarzon da ke wakiltar abokin karawarka a fili. Ka dubi wanda aka haɗa ka da shi kafin ka taɓa kati: jarumai 11 ne, kuma a kowane yayi kowannensu yana da dek ɗaya ko biyu da aka fi bugawa. Kwabo kuma ba don a kashe shi a zagayen farko aka ba ka ba. Ajiye shi sai inda zai cike maka giɓi ko ya fito da katin da zai juya fili.

Mataki na 6: Abin da za ka tambayi kanka a kowane zagaye

Tambaya ta farko kullum: zan iya kashe shi yanzu? Lissafa kafin ka taɓa komai. Wani dare a majalisarmu ta wajen Ƙofar Ƙaura wani yaro ya miƙo mini waya, igiya ta kusa fitowa.

"Yaya, don Allah duba man. In kashe wannan babban nashi ko in kare kaina?"

Abokin karawarsa na da jini 14, wato ran jaruminsa, wanda in ya ƙare an cinye shi. Shi kuma yana da mayaƙa biyu a fili, mai bugun 3 da mai bugun 4, da dutse 6, da Fireball a hannu, katin da ke cin dutse 4 ya yi ɓarnar 6. Na ce masa, "Ƙanena, ƙirga dai. Uku da huɗu?" Ya ce bakwai. "Da shida?" Sha uku. Ya ce saura ɗaya, ba ta kai ba. Na nuna masa ikon jarumarsa da ke gefe, mai cin dutse 2 ya cire jini 1. Sha huɗu cif. Ya yi ta kallon babban mayaƙin da ke tsorata shi har ya manta wasan ya riga ya ƙare.

Tambaya ta biyu: shi zai iya kashe ni a zagaye mai zuwa? Haɗa bugun mayaƙansa da abin da jaruminsa ya saba fitarwa daga hannu. Idan amsar a'a ce, jininka ba abin tattali ba ne. Kowa da 30 yake farawa, kuma wanda ya ci da jini 1 tauraronsa daidai yake da na wanda ya ci da 30.

Ta uku ita ce mai wuyar: a wannan karawar, wa ke kora, wa ake kora? Idan dek ɗinsa ya fi naka ƙarfi in wasa ya yi tsawo, kai ne mai kora, bugi fuska, wato jaruminsa kai tsaye, ka bar shi ya wahala da share maka mayaƙa. Idan naka ne ya fi jure tsawo, yi musaya, share fili, ka bar lokaci ya yi maka aiki. Dek guda yana iya zama mai kora a wannan wasa ya zama mai tsaro a na gaba. Masu buga dara a gindin bishiya sun san wannan, akwai lokacin ci akwai lokacin toshe gida, kuma wanda ya rikita su shi ke tashi.

Sai tsarin jefawa. Idan za ka ja kati a wannan zagayen, fara da ja, don abin da ya zo yana iya canza shirin duka. Haka duk katin da sakamakonsa sa'a ce, jefa shi kafin ka kai hari. Fili mayaƙa 7 yake ɗauka, hannu kati 10, wanda ya wuce haka ƙonewa yake.

Batun tsoron katin share fili kuma, ga lissafi. Idan yana da kwafi biyu a cikin 30, zuwa lokacin da ya ga kati 10, wajen zagaye na 6 ko na 7, yiwuwar ya ja aƙalla ɗaya kusan 56 cikin 100 ce. Idan ya ga 15 ta haura 75. Don haka idan kana gaba sosai, riƙe mayaƙi ɗaya ko biyu a hannu, abin da ke fili ya isa. Idan kuwa kana baya, zuba duka. Wanda ke baya ba shi da halin tsoron abin da ba a nuna masa ba tukuna.

Mataki na 7: Zuciya

An cinye ka biyu a jere, ajiye waya. Tashi ka sha ruwa, ka zaga, ka dawo bayan rabin awa ko gobe. Wasa na uku da ake shiga don ramuwa shi ne wanda ake riƙe mugun hannu, a jefa kati ba lissafi, a sallama tun ba a mutu ba. Tsakanin Daimon 4 da Daimon 1, dare guda na zuciya yana iya cinye aikin mako.

Idan abokin karawa yana damun ka da gaisuwar tsokana, danna hoton jaruminsa ka rufe masa baki. Idan kuma kana son gwada sabon dek, yi a kan zango inda faɗuwa ba ta rage komai, ba a Daimon 2 ba.

Ka riƙe ɗan littafi, ko ka buɗe wurin rubutu a waya. Bayan kowane wasa rubuta jarumin da ka haɗu da shi, ci ko faɗuwa, da kalma biyu kan dalili. Bayan wasa 30 za ka ga abin da ba ka zata ba: wataƙila jarumi guda ne ke cinye maka rabin taurari, sai ka canza kati biyu saboda shi, ko ka gano yawancin faɗuwarka bayan sha ɗayan dare ne, lokacin da ido ya yi nauyi.

Mataki na 8: Daimon 1

A taurari uku na Daimon 1 saura nasara guda, kuma a nan hannu ke rawa. Mutane da yawa sukan faɗi wannan wasan su koma baya, su sake zuwa, su sake faɗuwa. Kada ka canza dek a nan, kada ka canza yadda kake zaɓen hannun farko. Duba caji, duba sabis, duba agogo, ka shiga kamar kowane wasa.

Idan ka shiga Lejan taurari sun ƙare, lamba za a ba ka mai nuna matsayinka a yankin Turai, tana hawa tana sauka, amma ba za a fitar da kai ba har wata ya ƙare. Za ka sami bayan kati na Lejan, wata mai zuwa kuma ka fara da ninki 10, wanda zai kai ka Daimon 5 cikin wasanni kaɗan idan aka kwatanta da na farko. Sauran kwanakin watan su ne lokacin koyon dek na biyu, musamman wanda ke cinye irin dek ɗin da littafinka ya nuna yana yawan tare maka hanya.